Baƙin Akwatin Da Ke Ƙarƙashin Ƙafata

Hindatu, ranar da kika dawo daga gidan Baffanki Sale kina tambayata wai da gaske ne ni na kashe motar babanki da ruwan wanki, ban ba ki amsa ba. Cewa na yi ki wanke hannu ki ci tuwo. Ba amsar na rasa ba. Tana da tsawo ne, ke kuma shekararki bakwai, sannan duk lokacin da na ɗauko maganar shekarar nan da baki sai muryata ta kama rawa. Shi ya sa na kawo ta cikin littafin nan da nake rubuta miki. Karatuna bai yi nisa ba, kin sani, amma abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji ba sa ɓace mini. Abin da aka gaya miki akwai gaskiya a ciki. Sai dai an gutsure shi gaba da baya, kuma an bar sunan mutumin da ya fi kowa cancantar a ambata, Malam Tanko mai gyaran wayoyin mota a Yelwa.

Motar nan asalinta jirgin kakanki ne. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar babban jirgin ruwa da injinsa, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar mutane da kaya daga nan Wara zuwa ƙauyukan tsallake. Babanki tun yana yaro ba ya son ruwa, yayansa Sale kuma yana da shagonsa a kasuwa. Sai suka sayar da jirgin suka sayi mota 'yar Beljiyam mai dogon baya, don babanki ya riƙa kai kifi Yelwa, wani lokaci har Kontagora. Abin da ya rage na jirgin sarƙar da ake ɗaure shi da ita ce kawai. Inna, kakarki, ta naɗe ta ta tura ƙarƙashin gadonta, ta ce kada wanda ya taɓa.

Yaya Sale an taɓa sace masa babur a bakin kasuwa da rana tsaka, kuma abin bai taɓa fita daga ransa ba. Don haka tun kafin motar ta ɗauki kwandon kifi ɗaya ya tuƙa ta Kontagora aka sa mata na'urar tsaro. Ya dawo da rimot biyu, kowanne kamar ƙwallon dabino. Ka danna, mota ta yi ƙara sau biyu, fitilu su ƙyafta, ƙofofi su kulle kansu. Wanda ya taɓa ta a kulle jiniya ta tashi. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa shi ne, idan aka buɗe ƙofa inji yana aiki, dole direba ya danna wani ɓoyayyen maɓalli, in bai danna ba motar za ta yi 'yar tafiya ta mutu da kanta. Ko 'yan fashi sun ƙwace ta ba za su yi nisa ba. Unguwa duka ta fito kallo. Inna ta riƙe haɓa ta ce:

"Wagga mota ta fi wasu 'ya'yan ladabi. Ka kira ta daga nesa ta amsa."

A shekarar ne kika cika biyu, a shekarar ne kuma likita a asibitin Yelwa ya gaya mana kina da sikila. Hannuwanki ne suka kumbura kika yini kina kuka. Bayanin da ya yi da yawa ban gane ba, amma magana ɗaya ta zauna mini: idan jikinki ya yi zafi, idan idonki ya yi fari, kada a jira, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kawo ki nan take. Daga ranar na zama wata iri. Numfashinki nake saurara ko ina daka. Ina duba tafin hannunki sau ba adadi. Ita kuwa motar, da nake ganinta abin neman abinci, sai ta zama hanyar da ke tsakaninki da likita.

To ga wani abu da ba kowa ya sani ba a lokacin. Kifin banda a baya ake loda shi, amma ɗanyen kifi mai tsada, giwan ruwa ko babbar karfasa da wani ya yi oda, babanki a gaba yake sa shi, cikin roba da ƙanƙara, a wurin ajiye ƙafa, don kada kwanduna su danne shi. Nan ne kuma wurin zamana idan za mu asibiti, kina kan cinyata. Ƙarni ya kama wurin, ƙudaje suna bin sa. Ni kuma an ce mini ki guji ƙazanta. Don haka kowace Juma'a, idan babanki ya tafi masallaci ya bar motar a ƙofar gida, sai in ɗauko bokiti biyu da garin sabulu, in ɗage shimfiɗar roba, in kwarara ruwa, in goge, in sake kwararawa, in bar ƙofa a buɗe ta sha iska. Haka na ga direbobin kifi suna yi wa bayan motocinsu a bakin tafki. Ban gaya wa kowa ba, don ban ɗauke shi abin faɗa ba. Daɗi ma nake ji idan babanki ya shiga ya ce motar tana ƙamshi.

Fitinar ta fara ne da rimot. Wata safiya babanki yana taya masunta sauke kifi daga kwalekwale, ya sunkuya, makulli ya zame daga aljihun gaba ya faɗa ruwa. Wurin ba zurfi, ya lalubo shi. Ya kawo gida yana ɗiga, ya ajiye ya fita neman wani abu. Inna a rayuwarta duk abin da ya fito daga tafki wuri ɗaya take kai shi. Ta ɗauke rimot ta ɗora a kan wayar banda, gefen tarwaɗa, ta ƙara itace. Da babanki ya dawo ya same shi ya lanƙwashe, ya yi baƙi, yana ƙamshin hayaƙi.

"Inna, mi kika yi haka?"

"Mi na yi? Ya jiƙe na busar. Kifin da ya fi shi jiƙewa ma nan yake bushewa."

Abin mamaki bai mutu ba, hauka ya yi. Yana rataye a ƙusa sai motar ta kulle kanta ta buɗe, ta yi ƙara ba wanda ya taɓa ta. Aka jefa shi cikin aljihun gaban mota aka koma ga na biyu. Kowa ya ce magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Motar ta fara mutuwa a kan hanya. Tana cikin gudu sai inji ya ɗauke, jiniya ta tashi. A jira, a danna nan, a danna can, wani lokaci ta tashi, wani lokaci sai an yi awa guda. Bakanike na farko ya canza fulogi. Na biyu ya ce famfon mai ne, aka canza. Na uku ya ce man da ake sha a bakin hanya ne. Matan unguwa kuma suka ce mutanen ruwa ne suka yi fushi an sayar da jirgin da suka saba da shi, Inna ta samo laya ta rataye a madubi. Ni kuwa akwai abin da nake ji. Duk lokacin da za ta mutu, sai na fara jin wani ɗan ƙara, ƙas, a ƙarƙashin ƙafata ta dama, kamar an karya tsinken tsintsiya. Ƙas, sannan inji ya ɗauke. Na gaya wa babanki. Ya ce inji a gaba yake, ba a ƙarƙashin ƙafata ba. Na gaya wa Yaya Sale, ya yi dariya.

"Uwar Hindu, ke ko ganye ya faɗi sai kin ce aradu ce. Ki bar wa maza maganar mota."

Ranar Asabar ɗin da ba na son tunawa, kin tashi da zazzaɓi. Kafin hantsi leɓɓanki sun yi fari, kin daina ma kukan. Babanki ya sauke kwandunan da ya riga ya loda, muka kama hanyar Yelwa. Mun yi nisa, mun wuce inda ake samun gidaje, daidai wata tsamiya da ke gefen hanya, na ji ƙas. Na ce, "Za ta mutu," kuma ban san wa nake nufi ba. Inji ya ɗauke. Jiniya ta tashi, ƙofofi suna kulle kansu suna buɗewa. Babanki ya danna ɓoyayyen maɓalli har yatsansa ya yi ja, ya buɗe gaban mota yana taɓa abin da bai sani ba. Rana ta take. Na fito da ke na tsaya a inuwar tsamiyar ina ɗaga wa duk abin da ya wuce hannu. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Wata motar albasa ce ta tsaya daga baya, na hau baya da ke a kan buhuna, muka bar motarmu tana kururuwa ita kaɗai.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya, doguwa mai tabarau, ta ja fatar idonki ta duba, ta dube ni.

"Ina kuka tsaya? Yarinya ta kai haka kuna gida kuna me?"

Aka ce sai an ƙara miki jini. Na babanki bai yi ba. Yaya Sale ne ya rufe shagonsa ya hau babur tun daga Wara, ya miƙa hannu aka ɗiba. Ki riƙe wannan, Hindatu. Duk abin da za ki karanta a gaba, jinin da ya tashe ki ranar nan nasa ne.

Kwana biyu bayan haka, kina kwance kin fara shan kunu, muna zaune a barandar asibiti, na faɗi abin da ban taɓa faɗin irinsa a gaban manya ba. Na ce ba zan sake sa ki a motar nan ba sai an cire abin da ke kashe ta. Yaya Sale ya ce na'urar tsaro ba ruwanta, bakanike uku sun duba ba wanda ya ambace ta. Ya ce motar nan ita ce duk abin da mahaifinsu ya bari, ba zai bar ta tsirara a tasha ba saboda tsoron mace. Babanki ya sunkuyar da kai. Inna ta ce a yi haƙuri, a ƙaro laya. Wani dattijo da ke jinyar matarsa a gado na kusa, wanda ya ji komai, shi ya ce a kai wa Malam Tanko.

Suka ja motar suka kai. Ba a jima ba sai ga babanki ya dawo asibiti, ya ce in tashi in bar ki da Inna.

"Mutumen ya ce ba ya taɓa ta sai an zo da mai zama gaba."

Wurin aikinsa rumfar kwano ce a ƙarƙashin dogonyaro, bayan tashar kifi. Na zaci zan ga babban gareji. Tsoho ne siriri, gemu fari, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Kayan aikinsa a cikin tsohuwar jakar fata suke, kowanne da gurbinsa. Ya shimfiɗa farin buhu a kan benci, kuma duk abin da ya kwance a kan buhun yake jera shi, daga dama zuwa hagu, yadda ya fito. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi mai jiki, ya ce in zauna ya gama da rimot tukuna.

Ya ɓare na farkon da bakin wuƙa, ya kai hanci, ya dubi babanki ta saman tabarau.

"Wanga kam a kai shi miya. Wa ya yi bandarsa?"

Har Yaya Sale sai da ya yi dariya. Malam Tanko ya nuna mana yadda zafi ya narkar da robar ta danne maɓalli ɗaya, ya ce tun ranar nan rimot ɗin yake ta kiran motar ba hutawa, kuma a cikin aljihunta aka ajiye shi. Ya zare ɗan batirinsa mai kama da kwabo, ya ce wannan ya yi shiru ke nan. Ya buɗe na biyu, ya goge cikinsa da buroshin haƙori da sifirit, ya gwada batirin, ya ce lafiyarsa lau. Yaya Sale ya miƙe ya ce to ai an gano, rimot ne. Malam Tanko ya girgiza kai.

"Rimot na sa ta kulle ƙofa, yana sa ta ihu. Ba shi ke kashe inji a kan gudu ba. Zauna, Alhaji." Sai ya juyo gare ni. "Ɗiyata, direba hanya yake kallo, kunnensa na ga inji. Mai zama gefe shi ke jin mota. Kafin ta mutu, mi kike ji?"

Tunda aka fara wannan wahala ba wanda ya tambaye ni. Na ce ƙas nake ji. Ya ce a ina. Na nuna. Bai yi dariya ba. Ya ce kafin inji ya ɗauke ko bayan ya ɗauke? Na ce kafin. Ya ce a kan gargada ko a kan kwalta mai kyau? Na ce ta fi yi in mun faɗa rami. Ya gyaɗa kai kamar ina karanta masa wasiƙa.

"Wace rana ta fi yi?"

Babanki ya ce ba ta da rana. Ni kuwa na san tana da ita, don duk ranar da ta mutu ina riƙe da ita a kaina. Na fara lissafowa: ranar sunan gidan Mamman Asabar ce, ranar da kifi ya lalace a hanya Lahadi ce, ranar tsamiya Asabar ce. Daga Talata zuwa Alhamis ba ta cika yi ba. Ina cikin faɗa sai na ji abin da nake faɗa. Asabar ita ke bin Juma'a.

Malam Tanko ya nufi motar. Ya fara cire kan batirin mota, ya ce wanda ya taɓa waya bai cire batir ba yana neman gobara ne. Ya durƙusa a gefena na zama, ya ɗage shimfiɗar roba, ya ɗage kafet ɗin da ke ƙarƙashinta, wanda ni ban taɓa sanin yana ɗaguwa ba. Soson da ke ƙasa jiƙe yake sharkaf. A can ƙurya, daidai inda ƙafata ta dama take sauka, ga wani baƙin akwati kamar sabulun wanki, wayoyi sun fito daga jikinsa kamar gashi. Ya kwance shi ya ɗora a kan farin buhu. Cikinsa ya yi kore-kore, ga wani farin gari ya bushe a gefe. Ya dangwala da yatsa ya shinshina.

"Wanga ba ruwan kifi kaɗai ba ne. Akwai sabulu. Wa ke wanke wurin nan?"

Babanki ya ce ba kowa, shi baya kawai yake wankewa. Da na yi shiru, da har yau ba wanda ya sani, don na ga tsohon ya riga ya kau da kai, ba zai sake tambaya ba. Amma na tuna fuskarki a inuwar tsamiya. Na ce ni ce. Kowace Juma'a, bokiti biyu.

Yaya Sale ya tafa hannu.

"To ka ji! Mun canza fulogi, mun canza famfo, ashe ɓarnar a gida take kwana. Yarinya ta kusa tafiya saboda..."

"Alhaji," in ji Malam Tanko. Bai ɗaga murya ba, ko kansa bai ɗago daga akwatin ba. "Ruwanta ya shiga, ba zan ce bai shiga ba. Amma wanda ya kwantar da akwatin lantarki a ƙasan motar kifi, a garin ruwa, shi za a fara tambaya. Ya ɓoye wa ɓarawo ne, bai taɓa shiga motar kifi ba. Ko ba ta wanke ba, ƙanƙara na narkewa a nan kullum. Ita ta wanke ne don ɗiyarta. Kuma ku duba, mutum uku sun buɗe motar ga, ku biyu kun kawo ta. Ita kaɗai ta zo mini da ciwon a bakinta. Da kun saurare ta tun farko, da famfonku na nan."

Na ja mayafi na rufe fuska. Ban san ko kunya ce ta sa ni kuka ba ko wani abu daban.

Daga nan ya yi mana bayani yadda ko ni na gane. Ya ce mai sa na'urar ya yanke wayar da ke ba inji wuta, ya bi da bakin nan biyu ta cikin akwatin, kamar a datse hanya a sa ƙofa. Akwatin ne mai gadin ƙofar. Ƙas ɗin da nake ji shi ne rufe ta. Danshi ya ruɗa shi, ya daina bambance mai mota da ɓarawo. Ya ce hanya biyu ce: a sa sabo a ɗaure shi can sama inda ruwa ba ya kaiwa, ko a cire gaba ɗaya a haɗe wayar yadda ta zo. Ya ce shi ba zai zaɓa mana ba, motar ba tasa ba ce, ɗiyar ma ba tasa ba ce.

Yaya Sale ya ce a sa sabo. Babanki, wanda ban taɓa jin ya ƙetare maganar yayansa ba, ya tambayi tsohon:

"Malam, in an sa sabon, zai iya kashe ta a hanya?"

"Aikinsa ke nan, kashe mota. Mai kyau yana yi lokacin da ya dace. Amma in rantse maka ba zai taɓa kuskure ba, ba zan rantse ba."

Babanki ya daɗe yana kallon akwatin nan. Sannan ya ce:

"Yaya, ka yi haƙuri. Ɓarawo mota zai ɗauka. Wanga abu ɗiyata ya so ɗauka. A cire."

"In anka sace ta," in ji Yaya Sale, "jirgin Baba anka sace. Ka tuna na faɗa." Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Aikin ya ci yinin nan duka, kuma ban taɓa ganin mutum yana aiki da natsuwa irin haka ba. Bai fizge komai ba. Waya ɗaya-ɗaya yake bi da yatsa har inda ta ƙare, ta fitilu, ta ƙofofi, ta ɓoyayyen maɓalli, ya raba ta da wayar asali, ya naɗe wurin da salatif. Yana da wani ɗan ƙwan fitila mai jela da ɗan batirinsa, yana taɓawa da shi ya ga inda waya ta bi. Da ya zo kan jiniya, yana cire ta sai ta fasa ihu a hannunsa, ashe tana da nata batirin a ciki. Masu shayi suka watse. Ya tura ta cikin buhun dusa ya zauna a kai har ya lalubo wayarta, yana cewa, "Yi haƙuri, an sallame ki." A ƙarshe ya kamo bakin wayar nan biyu da aka yanke. Bai murɗe su kawai ba yadda na ga wasu suna yi. Ya kankare, ya haɗa, ya narka dalma a kai, ya ja da ƙarfi ya ga ba ta rabu ba, sannan ya naɗe. Ya ɗiga mai a ramin makullin ƙofa, wanda ya ƙage don tunda aka sayi motar ba a taɓa sa masa makulli ba. Ya fitar da jiƙaƙƙen soson ya shanya a rana.

Da ya mayar da batir, babanki ya murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Na zaci an gama. Sai tsohon ya buɗe mini ƙofar gaba, shi ya shiga baya.

"Zauna wurinki, ɗiyata. Ba ni da na'urar da ta kai kunnenki. Direba, nemo mana hanya mafi muni a Yelwa."

Muka bi ta bakin ruwa, muka faɗa kowane rami, ya sa aka buɗe ƙofa aka rufe inji yana aiki, muka yi ta zagaye. Can ya ce, "Mi kika ji?" Na ce ban ji komai ba. Ya ce to shi ma yanzu ya yarda. Da za mu rabu ya ce wa babanki ya nemi sarƙa mai kauri da kwaɗo ya riƙa ɗaure sitiyari da ƙafar burki, tsaron da ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ni kuma ya miƙo mini akwatin ya ce:

"Riƙe abinki. Juma'a mai zuwa ki wanke da tafkin duka in kin so."

Abin bai tafi a banza ba. Yaya Sale ya fi shekara bai taka gidanmu ba, kuma har yau a gidansa labarin bokiti biyu kawai ake bayarwa. Babanki ya daina zuwa Kontagora, inda kifi ya fi daraja, don ba ya iya barin motar a babbar tasha hankalinsa kwance. Mun ji wannan a tukunya, ba zan ɓoye miki ba. Amma ranar da muka dawo da ke gida, da babanki ya ambaci sarƙa, sai Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki, muka ji tana jan abu a ƙarƙashin gado. Ta fito da sarƙar jirgin kakanki ta zube a gabansa.

"Shekara da shekaru tana riƙe da jirgin ubanka, ruwa bai tahi da shi ba. Ta san aikinta."

Ita ce wadda kike gani a sitiyari har yau.

Da damina ta kankama ciwon ya sake tashi. Ranar Asabar ce kuma, na wanke motar ranar Juma'a. Babanki ya kwance sarƙa ya jefa baya, muka kama hanya ana yayyafi. Kina kan cinyata kamar garwashi. Ƙafata ta dama tana daidai wurin nan, kuma duk jikina ya zama kunne. Kowane rami muka faɗa sai in riƙe numfashi. Na hango tsamiyar tun daga nesa. Na ƙura mata ido tana matsowa, ta zo daidai tagata, ta wuce, na waiwaya ina kallonta tana ƙanƙancewa a baya. Inji bai ko yi tari ba.

Doguwar nan mai tabarau ce a bakin aiki. Ta karɓe ki, ta ja fatar idonki ta duba, ta taɓa goshinki. Ta ce ruwa da allura za su isa, ba sai an nemi jini ba. Tana rubutu a katinki, ba ta ma dube ni ba, ta ce:

"Yau kam kun zo da wuri."

Akwatin yana nan cikin kwallata, a ƙarƙashin zannuwa, in kin so gani. Idan 'ya'yan Baffanki suka sake ce miki uwarki ta zuba wa mota ruwa, ki ce e, ta zuba, bokiti biyu. Kada ki yi musu da kowa. Amma duk ranar da kika bi ta bayan tashar kifi a Yelwa, kika ga tsoho a ƙarƙashin dogonyaro da farin buhu a kan benci, ki sauka ki durƙusa ki gaishe shi. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce masa ke ce ɗiyar mai zama gaba.